Dan Allah ku bar mana madannin nan a inda yake

Da zarar wata manhaja ta canja fuska za ka ji ana "haba, wai wa ya aike su ne?" Su kuma kamfanonin amsarsu tana aljihu, wai mutane ba sa son canji, a ba su sati biyu za su saba. Wani lokacin kuma suna da gaskiya fa. A 2006 da Facebook ya kawo News Feed, wato jerin abubuwan da abokai suka wallafa da kake gani da ka buɗe shi, ɗalibai dubu ɗaruruwa suka haɗu a guruf suna kumfar baki sai an cire shi, shugaban kamfanin Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri ya ƙara saitin sirri amma bai cire ba, to yau in aka ɗauke shi me ya rage a Facebook ɗin?

Ni a ganina wannan nasarar ce ta ɓata su, suka ɗauka duk ƙorafi hayaniya ce kawai. Dubi Windows 8 a 2012, Microsoft suka ɗauke madannin Start da mutane suke dannawa tun Windows 95 suka cika fuskar kwamfuta da manyan akwatuna da aka tsara domin allon taɓawa, alhali yawancin masu amfani da ita linzamin kwamfuta (mouse) ne a hannunsu, mutum ya yi shekara goma sha bakwai yana kashe kwamfutarsa ta kusurwa ɗaya rana tsaka ya wayi gari yana lalube kamar wanda aka sauya wa jeren ɗaki cikin duhu. Abin da masu zanen nan suke mantawa shi ne yatsa ke haddace wuri, ba ka ma tunani kake dannawa, kuma wannan haddar da lokacinka ka saye ta. Ba shiri suka dawo da madannin a 2013, cikakken menu ɗin kuma sai a Windows 10 a 2015.

Snapchat ma sun sha tasu a 2018, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a Change.org, daga baya suka sassauta. Digg kuwa, wani shafin raba labarai, bai ci sa'a ba, canjin fuskar da ya yi a 2010 ne ya kora jama'arsa zuwa takwaransa Reddit.

Abin da ya fi ba ni haushi, sau tari gyaran ba don kai aka yi shi ba. Kana buɗe manhaja don ka ga hotunan abokanka sai a tura maka bidiyon mutanen da ba ka taɓa bi ba, saboda nan talla ta fi tsoka. Instagram ya gwada haka a 2022 yana kwaikwayon TikTok, aka yi masa caa, cikin 'yan kwanaki ya janye gwajin cikakken allon ya rage bidiyon da yake cusa wa mutane.

Ko Reddit da ya sake fuska a 2018 ai ya bar tsohuwar a gefe ga mai so. Madanni ɗaya na "koma tsohon tsari" ko na wata shida ne, me zai rage su da shi?