Kawu da wasan kurket

Yau da la'asar na biya Unguwar Rimi gaida Kawu, na tarar da shi a kan tabarma ya ƙura wa waya ido, shayinsa har ya huce. Wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta kurket ta 2019 yake maimaitawa, wanda Ingila da New Zealand suka buga a filin Lord's da ke Landan. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, amma ya ce, "Zauna ɗana, ka ga abin da ban taɓa mantawa ba." Kowace ƙungiya ta samu maki 241. Aka ƙara musu jifa shida-shida don raba gardama, nan ma suka tashi 15 da 15. Sai aka ƙirga wanda ya fi kai ƙwallo iyakar fili, Ingila 26, New Zealand 17, aka miƙa wa Ingila kofinta na farko.

Daidai inda aka nuno fuskar kyaftin ɗin New Zealand, Kane Williamson, Kawu ya tsayar da bidiyon. Mutumin yana tsaye shiru, babu ihu, babu zargin alƙalan wasa. Kawu ya ce, "Ba a ci su ba fa, amma sun koma gida hannu rabbana." Muryarsa ta ɗan yi rawa, shi da ya riƙe sandar kurket tun yana makarantar kwana. Har na hau Keke Napep zuwa gida ina tunanin shekarun da na yi ina zuwa gidan nan ban taɓa tambayarsa labarin wasansa ba.