Na kama, aka ce in saki

Jiya abokan aiki suka ja ni kogin Fraser, kusa da garin Chilliwack a Kanada, wai kamun wani ƙaton kifi da ake kira sitajin. Jagoranmu ya ɗaura ƙwan kifin salmon a fatsa, muka zauna cikin jirgi sanyi na ratsa ƙashi.

Can sai sandar ta lanƙwashe. Wallahi kusan minti 40 muna ja-in-ja, hannuwana har rawa suke. Da ya taso kusa sai na yi shiru. Ba ɓawo a jikinsa, sai layukan ƙashi kamar sulke, ga gashin baki huɗu, bakin kuma a ƙasa, ba haƙori ko ɗaya. Da awo ya fi ni tsawo. Irinsu kan haura shekara 100.

Ba mu ɗaga shi daga ruwa ba. Jagora ya duba ɗan lambar da ake sa musu ƙarƙashin fata, ya zare ƙugiya, ya ce in saki. Tun 1994 aka hana tafiya da su gida.

Ni da na saba ganin giwan ruwa a sikelin Argungu! Da na kira Inna, tambayarta ɗaya: "To me kuka ci?"