Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Bar Allo Na Kama Takarda

Makon jiya na tsaya a inda muka sauka Maiduguri, daga ni sai gafaka da allo biyu. Na zo ina ji da kaina, don a tsangayarmu ta Kano ni ake kira in yi wa ƙolawa rubutu.

Kwana uku da zuwana Alaramma ya karɓi allona, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Gardi, hannunka na gudu. Wa yake korarka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, haka muka koya."

Bai ƙara magana ba. Ya zaro gamba, ya fere ta da 'yar wuƙarsa, ya yanke bakin da faɗi, ya tsaga. Wata guda cur ba abin da nake yi sai firar alƙalami da jan baƙi ɗai-ɗai: ba guje, lam ara, ha kuri. Ni da na haddace izu sittin! Da dare nakan juya fuska bango in share hawaye.

A nan na gane hannun Barno daban ne. Baƙinsa mai kauri ne, mai kusurwa, kowane harafi zaune daram kamar an dasa shi, kuma Alƙur'ani aka keɓe wa shi. Namu na Kano ya fi sakin jiki. Tushensu dai ɗaya, rubutun Magrib, shi ya sa duka muke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, bisa ruwayar Warshu. Ranar da na fara buɗe bugun Madina, na hannun Usman Ɗaha, sai da na yi tuntuɓe a kan fa ɗinsa, don ɗigonsa a sama yake kamar ƙaf ɗinmu. Rubutu ne kyakkyawa, siriri, ba na musu, amma har gobe idona ya fi hutawa a kan namu.

Tawadar ma ba ɗaya ba. Ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na taɓa ta ta tafi. Ta takarda kuwa yambari ce, da bagaruwa ake dafa ta, in ta kama ta kama ke nan. Wasali da ja, hamza da rawaya, ɗigon alifin wasali da kore. Kuskure ɗaya, falle ya tashi aiki, ga takarda da tsada a wurin almajiri.

Wata Laraba bayan la'asar Alaramma ya kira ni, ya miƙo min falle ɗaya fari tas, ya ce, "Bismillah, rubuta Fatiha."

Na tsoma alƙalami. Hannuna na rawa, har tawada ta taru a bakinsa tana shirin ɗiga. Abin da ya faru da wannan fallen, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.