Kan Bafaranshe tukunya ne

Shekara 14 ke nan ina da ɗan ofishin fassara a Maraɗi. Takardun 'yan kasuwa masu shiga Katsina ta Jibiya nake juyawa daga Faransanci zuwa Hausa ko Ingilishi, da yamma kuma in koyar da ɗalibai. Abin da ya raba ni da masu rumfar kwamfuta na bakin tasha shi ne Latin, tsohon harshen Romawa da ya haifi Faransanci, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Wani dattijo ne ya koya mini, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ranar farko ya rubuta dominus, dominum, domini, domino a allo, ya ce duka "ubangida" ke nan, ƙarshen kalmar ne ke nuna ko shi ya aikata, ko shi aka yi wa, ko abin nasa ne. Na ce, "Malam, ai wannan i'irabi ne!" Ya yi dariya, ya ce na Larabci uku ne ga suna, na Latin shida, sai in ƙara ɗamara. Wanda ya sha nahawu a zaure ba ya tsoron wannan.

Daga baya ya nuna mini abin da har yau nake cin abinci da shi. Inda Latin ke da ct, Bafaranshe ya mayar it, mutumin Italiya tt, na Sifen ch. Noctem, wato dare, ya zama nuit, notte, noche. Octo, takwas, ya zama huit, otto, ocho. Ita kuma 'yar hular da ke kan wasali a fenêtre (taga) da hôpital (asibiti), kabarin harafin s ce, don asalinsu fenestra da hospitale. Asibitinmu ma can ya samo tushe, ya biyo ta bakin Ingilishi. Hospes, tushen hospitale, baƙo ne, ko mai masaukinsa. Wadda ɗalibaina suka fi so ita ce tête, wato kai da Faransanci. Kai a Latin caput ne, shi ya haifi chef, wato shugaba. Amma tête daga testa ta fito, tukunyar ƙasa. Mu da ke cewa ƙoƙon kai ba mu da bakin yi musu dariya.

To, duk wannan wahala, sai mutum ya zo yana taya aikina kamar tumatir. "Malam, yaron can da waya yake yi, minti biyu!" Na sani. Ni ake kawo wa gyaran ɓarnarsa.

Watan jiya wani Alhaji ya shigo da takardar shago, ransa a ɓace. An fassara masa contrat de location a matsayin yarjejeniyar "wurin" shago, ya ɗauka saye ya yi. Na zaunar da shi, na ce, "Alhaji, locus wuri ne, gaskiya, Ingilishi nan ya tsaya. Amma locare na nufin ba da haya, Faransanci shi ya riƙe. Hayar shekara biyu ka sa wa hannu." Ya daɗe yana kallon takardar, ya cire hula ya mayar. Sannan ya tambaye ni nawa zan sake fassara masa ita duka. Da na faɗa, sai ya ce in rage masa.