Na biya kuɗi aka kashe mini fitilar birki

Dubu biyu na biya aka cire wayar da ke gaya mini man birkina yana zubewa. Wata huɗu ke nan, amma duk sanda na tuna sai gabana ya faɗi.

Motar Corolla ce ƙirar 2005, da ita nake kai yara makaranta a nan Jos. Wata safiya na sauke birkin hannu, jar fitilar nan mai da'ira da alamar motsin rai a tsakiya ta ƙi mutuwa. Na ja, na saki, na sake ja, sai can ta ɗauke. Daga ranar ta riƙa zuwa tana tafiya. In na sha kwana ko na hau tudu ta kama, in hanya ta miƙe ta mutu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini inda matsalar take. A cikin kofin man birki akwai wani ɗan abu da ke iyo a saman mai, in mai ya yi ƙasa shi ma ya bi shi ya kunna fitilar. Kwana da tudu suna karkata man gefe guda, shi ya sa take kamawa a lokacin.

Na buɗe bonet, na ga man ya sauka ƙasa da layin MIN. Na sayi DOT 3, kamar yadda aka rubuta a murfin, na cika. Fitila ta mutu. Bayan kwana goma ta dawo, na sake cikawa. A karo na uku ban ko buɗe bonet ba, domin na duba ƙasan motar inda take kwana ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Sai na yanke cewa matsalar waya ce, na wuce wajen wani mai gyaran wayar mota. Ya leƙa, ya ce, "Yallaɓai, ai in mota ta tsufa duk haka suke yi." Ya zare soket ɗin da ke jikin kofin, ya naɗe da baƙin tef. Bai kai minti biyar ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne sau biyu na zuba mai da hannuna, ban taɓa tambayar kaina ina wancan ya tafi ba. Man birki ba ya ƙonewa irin na inji. A rufe yake cikin bututu. Yakan ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, amma wannan sai a yi watanni. In ya sauka cikin kwana goma, to wani wuri yana yoyo.

Mako uku bayan nan, ana gobe za mu tafi Akwanga biki, na ɗauko 'yata daga makaranta. A wata 'yar gangara mai keke ya tsaya a gabana zai ɗauki fasinja. Na taka birki, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa. Na saki na sake takawa da sauri, sau uku, na fizgo birkin hannu. Da motar ta tsaya, tsakanina da keken bai kai taku ɗaya ba, kuma akwai mace da goyo a ciki. Yarinyar ta ce, "Baba, lafiya?" Na kasa amsa mata. Hanyar da za mu bi washegari ta Hawan Kibo ce, duk wanda ya san wurin ya san abin da nake nufi.

Janwe na kira aka kai ta garejin wani dattijon bakanike. Da ya ga tef ɗin nan sai ya ɗago ya dube ni. "Alhaji, wa ya cire wannan?" Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya sa yaronsa ya kwance tayar baya ta hagu. Da aka zare kwanon birkin, ciki duk baƙin caɓi ne, ƙura da mai sun haɗu, takalman sun jiƙe sharkaf. Ya sa sukundireba ya ɗaga robar da ke bakin 'yar silindar da ke tura takalman, mai ya tsiyayo kan yatsansa. Ashe ƙurar ciki ce ke shanye yawancinsa, saura kuma ya bi bayan taya, inda ba a gani sai an durƙusa. Ni kuwa siminti nake ta dubawa.

Shi ya bayyana mini dalilin da ya sa motar ta tsaya ranar. Layin birki biyu ne, kowanne yana riƙe da tayar gaba guda da ta baya da ke ɗaya gefen, kofin ma a rabe yake daga ƙasa. Ɗaya ya ƙare, ɗayan ya riƙe mu.

An sauya silindar, an sauya takalman baya duka biyu, domin wanda ya sha mai ba ya wankuwa, kuma ba a sauya gefe ɗaya a bar ɗaya. Aka fitar da iska taya bayan taya, ni ina takawa yaron yana kwance noti. Kafin ya rufe bonet, dattijon ya mayar da soket ɗin da kansa.

Gaskiya ne wani lokaci ɗan makunnin da ke ƙarƙashin birkin hannu ne ke maƙalewa, ko abin iyon nan ya tsaya a ƙasa alhali mai a cike. In kuma fitilar birkin ta kama tare da ta batir, a irin waɗannan motoci sau da yawa cajin ne ya tsaya. Ta ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, daban ce, ruwan ɗorawa ce. Amma waɗannan sai bayan ka duba mai, ka durƙusa ka leƙa bayan kowace taya, ka shafa ƙarƙashin masta, wato silindar da kofin man ke zaune a kanta, inda take haɗuwa da baƙar tukunyar da ke bayanta. In ka taka ka riƙe ka ji ƙafarka tana nutsewa a hankali, ajiye motar a nan. Kuma kada ka yarda kowa ya taɓa wayar nan kafin ya nuna maka da ido inda man yake zuwa.

Bikin ya wuce mu. Sai bayan mako biyu muka je gaisuwa, na sauka Hawan Kibo a giya biyu, yara na barci a baya.