Randa ba ta sanyi a Hiyustan

A gidanmu a Sakkwato akwai wata randa a gindin dogon yaro, an tusa gindinta cikin rairayi. A watan Afrilu, lokacin da rana take kaiwa digiri 42 ko fiye, in ka ɗebo ruwanta da moɗa sai ka ji sanyinsa har cikin haƙori. Da damina ta kankama kuwa, ruwan randar nan sai ya koma ɗumi-ɗumi, ka sha ka ƙoshi amma ranka bai kwanta ba. Tun ina yaro na san haka, ban dai taɓa tambayar dalili ba. Na gane dalilin ne ina kwance a ƙarƙashin wata rumfa a bayan garin Hiyustan, jihar Teksas ta Amurka, wani dattijo yana matse mini tawul mai ƙanƙara a wuya.

Shekara huɗu ke nan ina wasan eyasof. Ga wanda bai san shi ba, wasan yaƙi ne da bindigogin wasa masu harba 'yan ƙwayoyin roba, faɗin kowace milimita 6, nauyinta bai kai rabin giram ba. A Japan aka fara shi cikin shekarun 1970, inda doka ta tsananta a kan mallakar bindigar gaske. Ana rabuwa gida biyu a shiga daji ko cikin wasu kangaye da aka gina don wasan, a yi ta farautar juna. Ƙwayar ba ta barin fenti a jiki, saboda haka kai da kanka za ka ɗaga hannu ka ce an same ka, ka ɗora jan ƙyalle a ka, ka fita. Wannan amanar ce ta fara jan hankalina. Sati guda ina zaune gaban kwamfuta, ranar Asabar ce kaɗai nake gudu, nake rarrafe, nake jin ƙamshin ƙasa.

Abin ya faru ne wata Asabar cikin Agustan 2023, watan da ma'auni a Hiyustan ya kai 109 a lissafin Amurkawa, wato kusan digiri 43 a namu, har sau biyu. Bayan sallar Asuba na sha shayi da burodi, na ɗauki gorar ruwa ɗaya 'yar rabin lita da gwangwanin lemon ƙara kuzari. Uwargida ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, ga kula can na cika ta da ruwa da ƙanƙara, ka tafi da ita mana." Na ce mata ta bar ta, wanda ya yi azumi a bazarar Sakkwato wane zafi ne kuma zai ba shi tsoro. Da zuciya ɗaya na faɗa, don haka na yi imani.

Ga abin da ke jikina ranar: riga mai dogon hannu da wando mai kauri saboda ƙwayar tana da zafi a fata, rigar sulke irin ta sojoji cike da gidajen harsashi, hular kwano, safar hannu, matashin gwiwa, takalmi mai dogon wuya, ragar ƙarfe da ta rufe baki da hanci, sai tabarau mai manne wa fuska ta kowane gefe. Bindigar ita ma ta kai kilo 3. In ka duba da kyau, babu ko tafin hannu guda na fatata da iska ke taɓawa.

Wasa na farko da na biyu sun wuce lafiya, sai dai gorata ta ƙare tun kafin ƙarfe 11. A na uku, wajen ƙarfe 12 da rabi, ina durƙushe bayan wani tarin tayoyi, kaina ya fara sarawa. Sai tsikar jikina ta tashi kamar mai jin sanyi, alhali gumi na zuba cikin takalmina. Zuciyata ta fara tashi. Tabarau ya yi hazo, ban ganin komai. Sai na yi abin da ko sabon shiga ya san ba a yi: na ɗage tabarau a tsakiyar fili, ƙwayoyi na shawagi da gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa. Ƙwaya ɗaya ta isa ta tsiyayar da ido. Na san dokar nan kamar sunana, amma a lokacin kaina bai tare da ni. Wani da ke kusa ya kwarma ihun da ake yi in an ga mutum babu kariyar ido, kalmar tana nufin makaho, sai alƙalin wasa ya busa usur, kowa ya sauke bindiga.

Dattijon da ya karɓe ni tsohon ma'aikacin jinya ne a soja, yakan zo filin da jikansa. Bai ɓata lokaci ba. Ya cire mini sulke da hula da takalmi, ya kwantar da ni a inuwa, ya ɗora ƙafafuna kan jaka. Ya sa tawul mai sanyi a wuyana da hammata, ya sa wani yaro ya yi ta fifita da kwali. Da na iya zama sai ya jawo kularsa ya tsoma hannayena duka biyu har gwiwa cikin ruwan ƙanƙara. Yana yi yana tambayata: yaya sunanka, yau wace rana, a ina muke? Daga baya ya ce mini, "Ɗana, da ka kuskure amsa ɗaya, da tuni na kira lambar gaggawa ta 911." Ya bayyana mini cewa wanda zafi ya galabaitar yana jiri da amai da ciwon kai amma hankalinsa na nan, shi inuwa da ruwa da hutu kan dawo da shi. Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma, wannan zafin cikin jikinsa ya kai digiri 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa da ƙoda na cikin haɗari, kuma ana fara sanyaya shi nan take tun kafin motar asibiti ta iso. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Da daddare na hau sikeli. Kilo 82 nake, na tarar da 79 da rabi, duk da abin da na sha bayan faɗuwar. Kowane kilo da ya tafi a yini ɗaya kusan lita ɗaya ce ta ruwa.

Yanzu bari in koma kan randa, don a nan ne kuskurena yake. Randa tana tsattsafo ta jikinta, busasshiyar iska ta zo ta kwashe danshin, tana kwashewa tana tafiya da zafin. Jikin mutum ma haka yake aiki. Gumin da ya bushe a kan fata shi ke sanyaya jini, wanda ya gangara cikin takalmi asara ce kawai ta ruwa da gishiri. A Sakkwato cikin Maris da Afrilu iska a bushe take ƙamas, gumi bai gama fitowa ba ta lashe shi. Hiyustan kuwa tana kusa da Tekun Meksiko, iskarta a jiƙe take tun asuba, kamar ranar da aka yi ruwa da daddare a Agusta sannan rana ta buɗe. Hukumar yanayi ta Amurka tana da jadawalin da ke haɗa zafi da laimar iska: digiri 35 da laima kashi 55 cikin ɗari jiki zai ji shi kamar 43, kuma a inuwa ke nan, tsakiyar rana kan ƙara har kusan digiri 8 a kai. To ni na ɗauki randa, na kai ta cikin damina, na kuma naɗe ta da leda.

Akwai abu na biyu da ya fi mini ciwo da na fahimce shi. Jurewar zafi ba gado ba ce da mutum ke ajiyewa ya ɗauko ranar da ya so. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 7 zuwa 14 na motsa jiki a cikinsa: ya fara gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri, jini ya ƙaru. In ka daina, cikin 'yan makonni sabon ya gushe. Ni kuwa daga gida mai na'urar sanyi nake shiga mota mai sanyi in tafi ofis mai sanyi. Yaron da ya yi ƙwallo a rairayin Sakkwato ya daɗe da barin jikin nan. Tun daga watan Mayu yanzu nake fita tafiyar ƙafa ta rabin awa kowace yamma, da gangan, don jikina ya tuna.

Shirin Asabar daga Juma'a yake farawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina sha a hankali tun daga dawowa masallaci, kuma alƙalina shi ne fitsari: in ya yi haske kamar ruwan lemon tsami, lafiya, in ya yi duhu kamar baƙin shayi, da saura. A fili ina goye da jakar ruwa mai lita 3 mai tiyo da ke zuwa ta kafaɗa. Ni salka nake ce mata, don aikinsu ɗaya da wadda makiyaya ke ratayawa. Rabinta ƙanƙara ce, tana sanyaya mini baya kafin ta narke. In na kurɓa sai in hura ruwan da ya rage a tiyo ya koma ciki, in ba haka ba kurɓin gaba ruwan zafi ne. Amfanin tiyon a wasanmu babba ne: yana shiga ta ƙarƙashin raga, ba sai ka taɓa abin fuskarka ba. Masana lafiyar ma'aikata a nan suna ba da shawarar kofi ɗaya, kamar rubu'in lita, duk minti 15 zuwa 20, kada a jira ƙishirwa. Duk lokacin da aka harbe ni ina tafiya wurin da wanda aka harba ke komawa ya sake shiga wasa, ina sha. Duk sanda na canza gidan harsashi a maɓoya, ina sha.

Amma ruwa ma yana da iyaka, kuma wannan ne mutane ba su cika sani ba. Kada ya wuce kamar lita ɗaya da rabi a awa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yini guda yana zubar da gishiri ta gumi, gishirin jininsa kan tsarma, ya sami ciwon kai da ruɗewa, a ɗauka ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, abin ya ƙazanta. Maganin wannan iyayenmu mata sun daɗe da saninsa: ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Cokalin shayi 6 a shafe na sukari, rabin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya. Ina haɗa gora guda in matse lemon tsami a ciki, in bar ta cikin kula, ba na zuba ta a salka don zaƙi na sa tiyo ya yi funfuna. Gyaɗa mai gishiri, dabino, da kankana da uwargida ke yankawa tun dare, su ne abincina tsakanin wasa da wasa. Lemon ƙara kuzari na bar shi.

Rigar sulken nan ita ce na fi jin zafin rabuwa da ita, don kuɗi na zuba kuma tana kyau a hoto. Amma ƙwayar roba ba ta buƙatar sulke, abin da take yi kawai shi ne rufe ƙirji da baya, inda jiki ya fi fitar da zafi. Daga Yuni zuwa Satumba ɗamara nake ɗaurawa mai aljihu huɗu, da riga shara-shara mai saurin bushewa, da hula mai faɗin baki a madadin kwano. Auduga da muke ji da ita a gida, a nan jiƙewa take ta manne ta ƙi bushewa. Tabarau na sayi mai ɗan fanka a sama, hazo ya ragu sosai, kuma in ya yi hazo duk da haka, ɗaga jan ƙyalle nake in fita fili tukuna.

Kayan ma ba sa son rana. Gwangwanin iskar gas da wasu bindigogi ke amfani da shi da batir ba a barinsu cikin rufaffiyar mota. Zafi yana ƙara wa gas ƙarfi, bindigar da ta wuce gwajin gudu da safe tana iya haura ƙa'ida da rana tsaka ta ji wa wani ciwo.

Tsakanin Azahar da La'asar ba na shiga fili ko da ƙungiyarmu ce ke baya. Ina cire komai har safa, in yi alwala da ruwan kula, in yi salla a inuwa, in zauna. Manoman garinmu ma da sanyin safiya suke fita, rana na take tsaka suna gindin bishiya da ƙwaryar fura. Ranar da nake azumi kuwa, a lokacin zafi, ba na zuwa filin gaba ɗaya.

Abin da na fi sa wa ido yanzu shi ne mutanen da ke gefena, musamman matasa, don su ne ke jin kunyar cewa sun gaji. A bazarar da ta wuce na lura da wani yaro ɗan shekara 16 ko makamancin haka, mai yawan surutu, ya yi tsit a bayan katanga, fuskarsa ta yi fari, bindigarsa na kallon ƙasa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari, ya ce tun gida. Na ɗaga ƙyallena duk da ba a harbe ni ba, na riƙo hannunsa muka fita. Hannayensa na cikin kulata har gwiwa lokacin da mahaifinsa ya iso da gudu.

Asabar mai zuwa masu hasashen yanayi sun ce za a kai digiri 36, laima kuma tun safe. Salka na cikin firiza da rabin ruwa, na auna gishiri da sukari na ƙulle a leda. Za a buɗe fili ƙarfe 9, ina sa ran wasa uku kafin Azahar, kula kuma tun daren Juma'a za ta kwana a bakin ƙofa kusa da takalmina.