Laraba a rumfar zoɓo

Yau ba mu tashi daga aiki ba sai bayan la'asar sakaliya. Gobe Alhamis kasuwar Maigatari, Alhaji, mai wurin da nake aiki, yana so mota ta kwashe kayan da ke ƙasa kafin sabon zoɓo ya shigo ya cushe wurin. Ga wanda bai san aikina ba, ni ce mai riƙe da littafi a wani wurin gyaran zoɓo a ƙauyenmu, nan ƙasar Gumel. Mata su zauna a rumfa su tsince kara da tsakuwa da ƙwallo, su bakace, a kawo gabana a ɗora a sikeli, in rubuta. Iya kilon da mace ta gyara, iya kuɗinta. Babu albashi, babu takarda.

Da hantsi 'yan dako suka ɓalle ƙofar sito na ciki, wanda aka zuba wa ƙwayar maganin ƙwari aka like tun makon jiya. Ƙwayar nan da muke kira bom, Phostoxin ke rubuce a gwangwaninta. Da ta ji danshin iska sai ta riƙa sakin guba a hankali, ita ke kashe ƙwarin da ke cikin buhu. Ƙa'idarta, in an buɗe ɗaki a bar shi ya sha iska sosai, kowa ya yi nesa. To rumfarmu jikin wannan ƙofar take. Warin ya fito, irin na ruɓaɓɓen kifi haɗe da tafarnuwa, mata suka ja bakin hijabi suka rufe hanci, hannu bai tsaya ba.

Akwai wata yarinya da aka kawo amarya unguwarmu bara. Kullum gefen ƙofar take zama don nan inuwa ta fi daɗewa. Ba a jima ba na ga ta ajiye faifai ta miƙe tana dafa bango, ta zaga baya. Na bi ta, na same ta durƙushe tana amai, goshinta duk gumi. Inna, wadda ta girme mu duka a rumfar, ta biyo mu da buta, ta matso kunnena ta ce, "Ke ba ki lura ba? Juna biyu gare ta, ya shiga wata biyar."

Na koma na ce kowa ta kwashi tabarmarta a koma gindin darbejiya, can inda iska ba ta kawo warin. Wasu suka yi gunaguni don jan tamfol da kaya yana cin lokaci, lokaci kuwa kilo ne. Na ce a yi haƙuri a tashi. Na kira ɗan acaɓa, na gargaɗe shi ya bi a sannu, muka kai ta asibitin sha-ka-tafi na garin da ke gaba da mu.

Malamar asibitin ta auna ta, ta ja fatar idonta ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa. Ta tambaye ta katin awo, babu. Ko sau ɗaya ba ta je ba. Ta buɗe mata kati nan take, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce Fansidar da allurar tetanus sai ranar awo tunda yau cikinta ba ya riƙe komai. Ta ja mana kunne cewa gubar bom takan yi lamo a ƙirji, mutum ya ga kamar ya ware, sai bayan sa'o'i numfashi ya fara sarƙewa. In an ga haka, ko tari mai tsanani, ko jini, ko ciwon mara, kada a jira gari ya waye, a wuce babban asibitin Gumel. Wani abin da ta faɗa ya zauna mini: mai ciki ta fi sauran mata jan iska, don numfashin mutum biyu take yi. Duk abin da ke yawo a rumfar nan, ƙura ce ko guba, rabonta ya fi na wadda ke kusa da ita.

Muna zaune a benci tana kurɓar ruwa na ce, "Ƙanwata, me ya hana ki gaya mini?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Na san akwai kunya, cikin fari ne, a wurinmu ko uwar da ta haife ki ba kya buɗe baki ki gaya mata. Amma da ta yi magana, ba kunyar ta ambata ba. Ta ce, "Yaya, in Alhaji ya ji zai ce in zauna a gida. Bara haka aka yi wa maƙwabciyarmu." Mijinta yana ci-rani a Kudu, saƙo sai an dace. Da kuɗin tsintar nan take zubin adashi, da shi take son sayen kayan jariri da itacen wankan jego.

Sai ta ƙara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Wai da gangan take ƙin shan ruwa tun safe har a tashi, saboda babu makewayi a wurin aikin, sai an taka har cikin gari, kuma kafin ta je ta dawo wata ta gyara mudu biyu. Mace mai ciki, a wannan zafin da ya fara kankama, tana zaune a tanƙware wuni guda tana riƙe fitsari. Malamar ta ji, ta juyo ta ce riƙon fitsari da ƙarancin ruwa su ke jawo ciwon sanyin mafitsara, shi kuma in ya yi ƙarfi yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Na mayar da ita gida wurin surukarta, na maimaita wa tsohuwar duk abin da aka ce a lura da shi, na bar mata lambata.

Bayan azahar Alhaji ya zo. Ba mugu ba ne, ina so in rubuta wannan a fili. Da ya ji labari ya yi salati, ya ciro kuɗin acaɓa da na magani ya miƙo mini ba tare da na tambaya ba. Sannan ya ce abin da na san zai ce: "Malama, ki gaya mata ta huta a gida har Allah ya sauke ta lafiya. Ba na son alhakin kowa."

Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan hutun shi ne ya sa ta ɓoye. In aka sallame ta yau, duk mai ciki a rumfar nan za ta ƙara faɗin hijabi ta yi shiru, kuma ba ita kaɗai ba ce." Ya yi shiru yana kallon matan da ke gindin bishiya. Ni kaina ban san su nawa ba ne, Inna ce ta sani.

Na kawo masa zancen doka, don na daɗe da karanta ta a wayata. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta ba mace damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar likita, ta kuma hana a sa ta aiki mako 6 bayan haihuwa, wato kusan daidai da arba'in ɗinmu. In ta yi wata 6 tana aiki a wurin, a biya ta aƙalla rabin abin da take samu. Ba a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. In ta dawo da goyo, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Alhaji ya ce wannan ai ta ma'aikatan gwamnati ce. Na ce a'a, na gwamnati nasu ya ma fi haka, na tarayya aƙalla mako 16 suke samu, jihar Kaduna kuma wata 6 take bai wa nata tun 2019. Wannan da na karanto ta masu aiki a hannun 'yan kasuwa ce. Sai dai na san inda gizo ke saƙar: dokar ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata 3, mu kuwa littafina ne kaɗai shaidar cewa wata mace ta taɓa zama a rumfar nan. Wace ce a cikinsu za ta ɗauki ƙafa ta je Dutse kai ƙara?

Kuma ko da an bi dokar sau da ƙafa, ba ta kai inda ciwon yake ba. Ita tana magana a kan makonnin da ke dab da haihuwa. Watanni ukun farko kuwa, lokacin da ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin jariri, babu wanda ya san da cikin, wani sa'in har mai shi. A wannan lokacin take zaune kusa da ƙofar sito, take taka ƙasar da aka yayyafa wa fiya-fiya da asuba don kore tururuwa, ƙafa ba takalmi. Maganin nan yana shiga ta fata, ba sai an sha ba. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna, amma har yau ba ya wuyar samu. Shi ya sa nake ganin duk tsarin da sai mace ta ɗaga hannu ta ce ina da ciki kafin a kare ta, ba zai yi aiki a ƙauyenmu ba. A gyara wurin yadda kowace mace za ta zauna lafiya, ko da ciki ko babu, sannan wadda aka sani a sauya mata aiki mai sauƙi, kada a ce ta tafi.

Zoɓon nan har Meziko ake kai shi. Masu saye suna da sharuɗɗa a kan ƙwaro ɗaya da za a gani cikin buhu, kuma ana bi, don ba wanda ke son a dawo masa da kaya. Na gaya wa Alhaji in ana iya kiyaye wannan, ana iya kiyaye na masu tsintar.

Mun daɗe muna ja. Abin da ya amince da shi: rumfa za ta koma gefen gabas, nesa da sito. Ranar da za a buɗe ɗakin da aka sa wa magani, da yamma za a buɗe bayan mata sun tashi, ya kwana yana shan iska. An daina yayyafa fiya-fiya inda ake zama. Zai sayo takunkumi a kasuwa gobe saboda jar ƙurar nan da muke kakinta har dare. Ɗaga buhu zuwa sikeli ya koma hannun 'yan dako kacokan, kuma za a kafa randa biyu, a kewaye makewayi da zana a bayan shago kafin Asabar. Yarinyar kuma in ta ji sauƙi za ta dawo kusa da ni, tana ɗinke bakin buhu a kan kujera mai majingina, a biya ta kuɗin wuni daidai da abin da ta saba samu.

Abin da ya ƙi shi ne biyan ranar awo. Ya ce wanda bai yi aiki ba ba ya cin lada, in ya fara da mutum ɗaya kowa za ta zo da kati. Na ce ai abin da muke so ke nan, kowa ta zo da kati. Hukumar Lafiya ta Duniya zuwa takwas take so mai ciki ta yi kafin haihuwa, matanmu kuwa kowane zuwa asarar kuɗin wuni ne, ga kuɗin mashin. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce a bari ya dawo daga Maigatari. Zancen rabin kuɗi lokacin jego ma ban sake tayar da shi ba yau, na ga an kai inda za a iya.

Bayan isha'i surukar ta kira, ta ce yarinyar ta sha kunu ya zauna, numfashi lafiya lau, ciwon kan ne bai gama sakinta ba. Na ce kada ta fito gobe, kuma wayata a kunne za ta kwana. Inna ta yi alkawarin za ta bi sauran masu cikin ɗaya bayan ɗaya a gidajensu, don ita za su gaya wa abin da ba za su gaya mini ba. Ranar Juma'a in Alhaji ya zo biyan kuɗin mako, ita da ni za mu same shi tare a kan maganar awo.